Hasashen Ɗakin Wanki

Goggona, ƙanwar babana, shekara ashirin da shida ta yi tana wanki a wani ƙaramin otal da baƙi 'yan yawon buɗe ido daga ƙasashen waje ke sauka. Ɗakin aikinta yana ƙasan bene: taga ɗaya, injin wanki biyu, da teburin guga da ya ƙone ta gefe guda. Ni kuma a teburin karɓar baƙi nake, don haka a gabana aka yi komai.

Goggo ba ta yi boko ba, amma takan faɗi yadda lokacin baƙi zai kasance tun shekara guda kafin ya zo. Daga wanki take ganewa. In ta ga baƙi sun fara wanke safarsu da kansu suna shanyawa a bayan kujera, sai ta ce, "Abu ya matse a ƙasarsu, baɗi ko rabinsu ba za mu gani ba." In kuwa har hankici suna aiko mata, ga sababbin riguna da karin kanti, to baɗi sai an rasa ɗaki.

Ana nan aka kawo mana sabon manaja, mai son a san ya yi karatu. Ya tara mu ya karanta rahoton masana: kaya sun yi tsada a ƙasashen baƙi, kuɗin jirgi ya hau, baɗi baƙi za su ragu sosai. Saboda haka za a rufe ɗakin wanki, ɗan wankin da aka samu a ba wani kamfani.

Goggo ta ce, "Ranka ya daɗe, masu takardar nan sun taɓa riƙe rigar baƙo?"

"Mama, wannan bincike ne."

"Ni ma binciken nake. Bana ba wanda ya wanke safarsa. Tsofaffi ne ke zuwa yanzu, masu fansho. Tsada ba ta hana su, so suke su ga duniya kafin ƙafa ta ƙi."

Dariya ya yi mata. Wallahi raina ya ɓaci, amma na yi gum don tsoron aikina, kuma har yau ina jin kunyar wannan shirun.

Aka rufe ɗakin wanki, aka sallami Goggo. Ba ta roƙi kowa ba. Ta koma gida ta ɗaura igiyoyi a tsakar gida, ta sayi dutsen guga, ta zagaya ƙananan masaukai neman wanki. 'Ya'yanta suka ce ta huta. Ta ce hutu sai a kabari.

Da lokaci ya zo, sai ga motoci suna sauke masu furfura, kamar an yi musu shela. Kamfanin wankin ya kasa, zanin gado sai ya kwana huɗu bai dawo ba. Manaja ya aike ni in ba ta haƙuri. Ta ce, "Ke kika kore ni?"

Washegari ya zo da kansa, ɗauke da ƙunshin zannuwa, yana haɗa gumi.

"Mama, don Allah ki dawo bakin aikinki."

Goggo ba ta ko ɗago daga gugar da take yi ba.

"A bakin aikina nake. Ajiye can bayan na mutane, akwai masauki biyu a gabanka. Jibi ka dawo, kuma da ƙafarka."