Ƙanzon Inna Rabi

Da safen nan, ina shirin fita aiki, ƙanena ya kira ni daga Djougou. Inna Rabi ta rasu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

A tashar Parakou nake rubuta wannan, cikin taksin da ya ƙi cika. Saura mutum biyu, in ji direba, tun awa guda da ta wuce. Bayan azahar za a yi jana'iza. Sau uku ina sauka ina komawa.

Ban saba yawan magana a wannan shafin ba. Amma akwai abin da na riƙe shekara tara, yau kuma wadda ya kamata ta ji shi ba ta nan.

Inna Rabi ƙanwar mahaifiyata ce. Shekarar da kwantiragina ya ƙare, matata Hadiza kuma tana kwance da laulayin ciki, ta taso ta zauna da mu a unguwarmu Banikanni, nan Parakou, wata huɗu. Ban kira ta ba, ban kuma gaya wa kowa halin da muke ciki ba. Ta dai buɗe firigo, ta ga ba wani abincin kirki a ciki, ta rufe, ta ɗaura zani.

Ban taɓa jin ta tambayi me za a dafa ba. Tambayarta kullum ita ce, "Me ya rage?"

Shinkafar jiya ta shiga ƙullin masa. Guntayen doyar da muke zubarwa ta yayyanka su, ta shanya, ta daka su zama alabo. Ƙanzon gindin tukunya ta kankare ta busar, ranar da babu ta jiƙa shi ta kwaɗa da ƙuli-ƙuli da albasa. Cefanen kwana uku ya riƙa kai mu mako.

Na taɓa tambayarta ma'aunin da take bi. Ta ce, "Ɗan lakwal, kai da bokonka, in na tsaya awo yaranka za su fita ciki wayam. Miƙo mini ludayi."

Wata Asabar tsofaffin abokan aikina biyu suka ce za su zo, ɗayansu kuwa ina sa ran ya yi mini hanyar aiki. Na fito na ga tabarmarta a baranda, cike da ƙanzo da guntayen doya, shanyar mako uku. Kunya ta kama ni. Tana kasuwa, na kwashe duka na zuba wa awakin maƙwabta.

Da ta dawo ta dubi tabarmar, ta dube ni, ta naɗe ta.

Ta shiga ta haɗa wa baƙin abinci da abin da ta samu. Ɗayansu ya nemi ƙari, ya tambayi sunan girkin. Daga bakin ƙofa ta ce, "Ba shi da suna, ɗana. Ka ci sosai, gobe ba za a sami irinsa ba."

A makon da ya biyo baya abinci ya yi ƙaranci. Inna ta yi azumi Litinin, ta yi Talata, ta yi Laraba. Na ce, "Inna, wane azumi ne haka a jere?" Ta ce, "Ramuwa nake, kai dai ci."

Na san ba ramuwa ba ce. Na ci.

Aikin ya samu daga baya. Na saya mata atamfa, na saya mata waya, na yi duk abin da mutum ke yi domin ya kauce wa kalma uku.

Ganinmu na ƙarshe bayan Babbar Sallah ne. Na ƙudura zan faɗa, har motarmu ta wuce garin Onklou a hanyar Djougou ina maimaita jimlar a zuciyata. Na same ta a tsakar gida tana shanya. Muka yi zancen hanya, da ciwon gwiwarta, da tsadar tumatir. Da na tashi tafiya ta miƙo mini ƙullin ƙanzo.

"Ka kai wa Hadiza. Ka gaida mini awakin Banikanni, ka ce musu bana ba su da rabo."

Ta yi dariya har da tari. Ni ma na yi. Ta buɗe mini ƙofar maganar da hannunta, na tsaya a bakin ƙofar ina dariya, na ce sai wani zuwan.

Rabin ƙullin yana nan a gidana.

Inna, ki yafe mini. Na faɗa a gaban jama'a, tunda saboda idon jama'a na yi abin da na yi.

Yanzu na biya kuɗin kujeru biyun da babu kowa, direba ya tada mota. Da tana nan, da na sha faɗa.

Allah Ya gafarta mata, Ya yalwata kabarinta, Ya ciyar da ita daga abincin Aljanna kamar yadda ta ciyar da mu da nata rabon. Duk wanda ya karanta, ina roƙonsa ya tsaya ya yi mata addu'a da sunanta, Rabi'atu. In addu'ar ta rage, ku sa ni a ciki.