Kwana Goma a Kangon Malam Ɗahiru

Sati shida ke nan da kare ya cije ni, kuma har yau idan na ji haushi sai gabana ya faɗi. Amma ba labarin tsorona nake son bayarwa ba, labarin Malam Ɗahiru ne, wanda mutanen Tarauni ke kira Mai Karnuka, ba don yabo ba.

Ranar wata Talata da hantsi na fito daga gidanmu a Gyaɗi-Gyaɗi zan kai takardun neman aikin koyarwa wata makaranta a Tarauni. Watana huɗu da gama bautar ƙasa. An yi ruwa da asuba, titi ya cika da taɓo, sai na yanke ta bayan wani garejin kanikawa. Ina raɓar wata tsohuwar mota marar taya na ji an cafki ƙwaurina. Karya ce ja, ramammiya. Ta sake ni ta koma ƙarƙashin motar tana gurnani.

Kafin in gama ihu kanikawa sun fito da ƙarafa, wasu da duwatsu.

"Mahaukaciya ce! A kashe ta!"

Wata mai awara ta riƙe ni tana cewa in an kashe a yanko gashinta a ƙona, a shafa mini tokar a ciwon. Ana cikin haka wani dattijo ya sauka daga keke, da buhun ƙasusuwa ɗaure a baya. Ya shiga tsakanin mutane da motar ya tsaya.

"Duk wanda ya kashe karyar nan ya cuci yarinyar nan. Ita kaɗai ce shaidarta."

Ogan garejin, Kabiru, ya yi dariya. "Baba Ɗahiru, 'yar gidanka ta yi ɓarna, ka zo beli ke nan?"

"Kabiru, ajiye ƙarfen nan ka kawo ruwa. Bakinka ya fi hannunka aiki, shi ya sa motar nan ta shekara uku a nan."

Aka kwashe da dariya, ƙarafa suka sauka. Ya sa mai awara ta wanke mini ciwon da sabulu, shi kuma ya juya baya yana kallon agogonsa. Duk sanda ta ce ya isa sai ya ce, "Saura, Hajiya, ci gaba." Sai da aka yi minti goma sha biyar. Ya tare mini adaidaita, ya ce asibiti kai tsaye, kada in biya gida. Ya kwatanta mini inda zan same shi.

A asibiti aka fara mini allura. Likitar ta tambaya ko karen yana raye, na ce e. Ta ce in ci gaba da karɓar allurai a kan lokaci, amma idan karyar ta kai kwana goma tana ci tana sha, to ba ta ɗauke da ciwon hauka sanda ta cije ni. Da na koma gida na yi abin da bai kamata ba: na buɗe waya na kalli yadda masu ciwon ke ƙarewa. Daga ranar, duk bayan 'yan mintuna sai na kurɓi ruwa don in ga ko maƙogwarona zai ƙi karɓa. Inna ta gaji ta ɓoye mini wayar.

Washegari na nemi wurinsa. Kango ne yake gadi, ginin da mai shi ya kai linta ya bari. A cikin ɗakunan da ba rufi ya yi wa karnuka bakwai keji da tsofaffin ƙofofi da waya. Karyar tana ɗaki ita kaɗai da 'ya'yanta huɗu. Ashe a ƙarƙashin motar ta haihu.

"Kin taka kusa da 'ya'yanta ne, 'yata," in ji shi. "Amma zato ba ya warkar da kowa. Mu ƙirga kwanakin."

Kullum sai na je, kullum sai ya ja layi ɗaya da gawayi a bango. A zaman nan na san shi. A Ƙauyen Alu aka haife shi tun ana noma gero a wurin. Mahaifinsa maharbi ne, tare da karnukan farauta ya tashi. Ya yi shekara talatin da ɗaya yana lebura a asibitin dabbobi, shi ke riƙe dabba a yi mata allura. Bai wuce aji huɗu na firamare ba, amma ya ce likitoci sababbin zuwa shi suke tambaya a ɓoye. Sau ɗaya ya ga mutum ya mutu da ciwon, wani manomi da aka kashe karen da ya cije shi, aka shafa toka, kowa ya manta. 

Da ya yi ritaya ya fara tsintar waɗanda mota ta buge da waɗanda aka yasar. Yana jinyarsu, ya kai a yi musu rigakafi, ya ba masu gonaki da masu kiwo. Mahauta na ajiye masa ƙashi. Kayan sallarsa daban suke, a cikin leda rataye a ƙusa, kuma sai ya yi wanka yake sa su. Duk da haka, ya ce, akwai masu matsawa idan ya shiga sahu.

"Ba ka jin haushi, Baba?"

"Ina samun fili in yi sujada da kyau," ya ce, yana dariya.

Rana ta bakwai na tarar da mutane a bakin kangon. Karyar tana zubar da miyau, tana kartar bakinta da ƙafa, ta ƙi abinci tun jiya. Na zauna a kan bulo. Maƙwabta suna cewa ga abin da ake gudu nan, akwai yara a layin, a kashe ta tun ba ta ɓalle ba. Ni kaina na ji ina so a kashe ta, don kawai in daina gani.

Malam Ɗahiru ya daɗe a tsugune yana kallonta ta cikin wayar kejin. Ya kira ta a hankali, ta kaɗa jela.

"Na ga mahaukacin kare na gaske," ya ce. "Na gaske ba ya sanin mai ba shi abinci. Ku ba ni rabin awa. In ba haka ba ne, ni zan kai ta asibitin dabbobi da hannuna."

Ya aika aka kira Kabiru ya zo da filaya. Ya sa safar hannu ta fata mai kauri, ya ɗaure ta, ya sa sanda ya buɗe bakin. Ya hana kowa matsowa sai Kabiru, wanda ke riƙe da igiya yana salati.

"Baba, in ta cije ni kai za ka riƙe mini iyali!"

"Ja igiyar, matsoraci."

Sai ga shi ya zaro wani guntun ƙashi da ya gitta ya maƙale a dasashinta na sama. Ya ɗaga shi kowa ya gani. Ya kwance ta, ya tura mata kwanon ruwa da sanda. Ta sa kai ta sha, ta sha, har ta lashe gindin kwanon. Ban san sanda na fara kuka ba.

"Laifina ne," in ji shi. "Ni na ba ta ƙashin kaza, na san bai dace ba. Ki yafe mini kwanan zullumin nan."

Rana ta goma mahaifina ya ce zai raka ni ya yi godiya. Muka tarar tana cin tuwo, 'ya'yan suna hawa bayanta. Malam Ɗahiru ya ja layi na goma, ya ce, "Alhamdu lillahi. Amma ki ƙarasa allurarki, kada ki ce Ɗahiru ya sallame ki."

Babana ya tambaya me za a yi da ita yanzu. Malam Ɗahiru ya ce 'ya'yan sun samu masu so, amma ita ba mai karɓar karyar da ta taɓa cizo. Mai unguwa kuma ya ce ya rage yawansu, in ya mayar da ita gareji ba za ta kai Juma'a ba. Na kalli Baba. Tun da nake ban taɓa ganin kare a gidanmu ba.

"Rukayya, kallon me kike mini?"

"Baba, kwana goma ina roƙon Allah kada ta mutu. Ban san yadda zan daina ba."

Ya juya wajen Malam Ɗahiru. Ya ce, "Malam, tana gadin tumaki?"

"In ta samu mai ciyar da ita, Alhaji, har kai za ta yi wa gadi."

Baba ya kafa sharuɗɗansa: bayan gida wajen garke, kwanonta daban, ba ta taka tsakar gida, kuma ni ce mai ba ta abinci. Bayan an yaye 'ya'yan, an yi mata rigakafi, Malam Ɗahiru ya kawo ta da kansa. Inna ta ba shi fura, ta tsaya daga nesa tana cewa Allah ya kyauta.

Har yanzu ban iya taɓa ta ba. Da sanda nake tura mata kwano. Malam Ɗahiru yana leƙowa duk Asabar, kuma ya ce kada in matsa wa kaina, ita ma ba ta gama yarda da ni ba. Jiya dai da na zo ɗaukar kwanon ba ta ja da baya ba, ni ma na ɗan daɗe a tsaye.