Maɓallin da na cire a saman sunayen manya

Aikina a jami'a shi ne ɗora abubuwa a shafinta na intanet. Ban yi karatu mai zurfi ba. Difloma na yi, sauran kuma a bakin aiki na koya. A kawo sanarwa in ɗora, a kawo hoto in ɗora. Ranar Juma'a in shiga mota in koma gida Bodinga.

Ba ni na gina shafin ba. Wata ma'aikaciya ce ta tsara shi, kuma kafin a yi mata canjin wurin aiki ta zaunar da ni ta nuna mini komai. Ta ce makafi ma suna shiga shafin: wayarsu ce take karanta musu shi da murya, daga sama zuwa ƙasa, layi bayan layi. Don haka ta sa wani ɗan maɓalli a can sama, kafin komai, an rubuta masa "Tsallake zuwa sanarwa". Wanda ya taɓa shi, muryar za ta kai shi kai tsaye ga abin da ya zo nema. Na ce na gane.

Kan shafin namu yana da tsawo. Akwai uban jami'a da sarautarsa da lambobin girmansa, sai shugaban majalisa, sai shugaban jami'a da mataimakansa, sai magatakarda, kowa da jawabin marabarsa. Ni na yi ta ƙara su bayan tafiyarta. Duk wanda aka yi wa sabuwar sarauta, a ranar nake ɗora ta, a kira ni a yi mini godiya.

Wata rana aka ce manyan baƙi za su zo, za a haska musu shafin a bangon ɗakin taro. Ina gwaji sai na ga maɓallin nan zaune a saman sunan uban jami'a. Tsallake. A gidanmu ko takalmin babba ba a tsallakewa. Na ji kunya ta kama ni, na cire shi. Ba wanda ya sa ni. Na ce idan baƙi sun tafi zan mayar. Suka tafi, ban mayar ba.

Yayana yana zaune wajen Kajiji, a ƙasar Shagari, yana noman gero da albasa. Ɗiyarsa ta fari idonta ya mutu tun tana sakandare, amma kanta yana ja ƙwarai. Da ta samu gurbi a jami'armu bai so ta tafi ba. Hanya yake ji mata tsoro, da hawa kabu-kabu, da zama cikin mutanen da ba su san ta ba. Ni na yi ta roƙonsa. A ƙarshe ya yarda da sharaɗi ɗaya, a gabana ya faɗa: ranar da ta faɗi jarrabawa ko da guda ce, ta dawo gida ke nan. Yayana ba ya magana biyu.

Ba ta faɗi ba, har aka shiga zangon da nake ba da labari. Wata Juma'a aka kawo mini sanarwa cewa an mayar da wata jarrabawar ranar Litinin daga yamma zuwa safe. Na ɗora, na kulle ofis. Ban duba ko ta wane aji ce ba. Na daɗe da daina karanta abin da nake ɗorawa.

Ɗiyar Yaya kuwa ta riga ta tafi gida hutun ƙarshen mako. Wata ƙawarta ta kira ta ce ta duba shafi an canza wani abu, sai layi ya yanke. Ta kira ni, ina wurin ɗaurin aure, ban ɗauka ba. Ba ta sake kira ba, don ba ta saba damun manya ba. Ta iso makaranta ranar Litinin da azahar, ta tarar an tashi daga jarrabawar.

Na je Kajiji bayan an fitar da sakamako. Na same ta a gindin rudu, rumfar da ake adana albasa, tana tsince ruɓaɓɓu da hannu, tana sunsunawa tana jefarwa gefe. Yaya yana ɗaure bakin buhu.

"Baffa, kai na? Na ji takunka. Ka zaka yi min jaje?"

Na ce ta faɗa mini yadda aka yi.

Ta ce can bakin fadama kaɗai ake samun sabis, can ta je ta tsaya. Ta buɗe shafin, muryar ta fara daga uban jami'a. Kafin ta gama mataimakan shugaba sai sabis ya ɗauke. Ta sake buɗewa, muryar ta koma farko. Haka ta yi ta yi har caji ya ƙare.

"Sau ɗaya na kai ga magatakarda," ta ce. "Har na yi murna. Wallahi Baffa na hardace su sarai. In ja maka?"

Sai ta ja. Sunaye da sarautu da lambobin girma, a jere, da irin muryar wayar, ba ta ɓata ko ɗaya ba. Yaya ya yi dariya. Ni ina tsaye, ina jin kowane layi da na rubuta da hannuna. Na jira in ji wani abu a ƙirjina, ban ji ba. Ƙamshin albasa kawai nake ji.

Na ce, "Yaya, laifina ne." Na yi masa bayanin maɓallin, da ranar baƙi, da yadda na cire shi.

Ya saurara har na gama, igiya a hannunsa.

"To mi kay yi? Ka sa manya gaba, shi na laihi? Ni ma da ni na, haka za ni yi. Kai ka ɗauke sabis?"

Na ce jami'a ta yarda ta sake rubutawa baɗi, ba korar ta aka yi ba. Na ce ya hukunta ni, ya bar ta ta koma.

"Gabanka na hwaɗi," ya ce. "Riƙe min bakin buhun ga."

Na riƙe. Ita ta ci gaba da tsintar albasa.

Da na koma ofis na mayar da maɓallin. Shayina bai huce ba na gama. Ba wanda ya lura, manyan ma sun sake zuwa sun ga shafin, ba wanda ya ce komai. Na rage jawaban maraba, na kai su wani shafi dabam, nan ma shiru.

Na sake yi wa Yaya magana da Sallah, na kuma yi bayan girbi. Amsarsa ba ta canza ba, kuma ba ya fushi da ni. Har buhun albasa ya aiko mini Bodinga. An buɗe sabon zango, 'yan ajinta sun dawo, ita tana gida.

Kullum da safe kafin in ɗora komai nakan rufe ido in sa muryar, in taɓa maɓallin. Yana aiki.