Baƙon da Bai Farka Ba

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana sarrafa ƙarfe a cibiyar koyon sana'a ta gwamnati, har mutane suka manta da sunansa, kowa sai Baba Mai Ƙarfe. In ka kawo masa ƙusar injin niƙa da ta karye, murza ta kawai zai yi tsakanin yatsu biyu, ya koma kan tsohon injinsa mai kukan akuya, ya fito maka da wadda ta fi ta kamfani zama daidai.

Saura shekara tara ya yi ritaya aka kawo sabon inji, irin wanda ake zana masa abu a kwamfuta ya yanka da kansa. Sai da aka fasa bango kafin ya shiga. Aka ce da irinsa ƙasa za ta daina sayo kaya daga waje, Baba kuwa ya gaskata har cikin ransa. Ya sa 'yarsa ta fassara masa littafin injin shafi-shafi, ya haddace. Burinsa guda ne, ya ga injin nan ya yanka ko ƙusa ɗaya a hannunsa kafin ya ajiye aiki.

Sai dai injin wuta mai ƙarfi yake so, wadda ba ta ƙiftawa. Ta unguwar kuwa, ko fanka sai ta yi shawara kafin ta juya. Aka ce za a ja musu layi na musamman. Kullum da safe Baba zai yaye ledar da aka rufe injin da ita, ya goge shi, ya ɗiga masa mai, ya mayar. Matarsa takan tsokane shi, "Malam, baƙon naka ya farka kuwa, ko har yanzu gajiyar hanya ce?"

Da aka ce kwamiti zai zo duba ko ƙasa ta shirya wa masana'antun zamani, shugaban cibiyar ya ja shi gefe. "Baba, don Allah ka rufa mana asiri. Ka yi ɗan wani abu a tsohon injin, mu ɗora a kan sabon. In suka ga bai taɓa tashi ba, ɗauke shi za su yi."

Maganar ɗaukewar nan ce ta karya shi. Kwana uku ya yi a kan wani faifan ƙarfe mai haƙora, ya goge shi har yana ɗaukar ido. Baƙi suka zo, ba wanda ya ce a kunna inji, hoto ne ya kawo su. Babbansu ya ɗaga faifan ya ce, "Kun gani? Hannun mutum ba zai taɓa yin wannan ba." Baba ya sunkuyar da kai, kunya da daɗi suka cakuɗe masa. Sau shida aka zo, sau shida ya yi, kowane ya fi na baya kyau, don shi bai iya aikin banza ba.

Ana saura wata biyu ya tafi, ya ga ana kafa turakun wuta a bakin titi. Ya bi su da ƙafa. Suka wuce ƙofar cibiyar, suka miƙe abinsu.

A gida ya sa 'yarsa ta binciko dalili a waya. Ta karanta, ta kife wayar.

"Faɗa min mana, 'yar nan."

"Baba, sun ce layin na wuraren da injinsu bai tashi ba ne. Ku kuna cikin waɗanda suka shirya, tun shekara takwas da suka wuce."

Ta juyo masa da wayar. Ga hoton faifansa nan a gaban rahoton kwamitin, yana ta ƙyalli. Ya daɗe yana kallonsa, idonsa ya kawo ruwa.

Ya ce, "Ko tabo ɗaya da na bar masa, da sun gane aikin hannu ne."

Washegari ya je aiki da wuri kamar kullum. Ya tsaya gaban injin da tsumma a hannu, amma bai yaye ledar ba.