Yatsan Ustaza Saude

Shekara goma sha ɗaya ke nan da Gadarif ta binne yatsa mafi haɗari a tarihin iliminta, kuma har yau masana ba su yi zaman makoki ba. Yatsan na gwaggona ne, Ustaza Saude, malamar aji biyu, wadda ni ma na zauna a gabanta kafin na gaji allinta.

Aikin yatsan kaɗan ne. A darasin karatu takan karanta mana labari da Larabci, sai ana dab da ƙarshe ta sa yatsa a shafin, ta rufe littafin a kansa, ta juya Hausa: "To, jama'a, wa ya yi daidai a nan?" Jama'ar kuwa 'yan shekara bakwai ne masu majina. Amsar littafi tana ƙasan shafi an ja mata layi, gwaggo ba ta taɓa gaggawar kai mu wurinta ba.

Na tuna ranar da muwajjih, mai duba malamai, ya zauna a bayan aji. Labarin wani manomi ne da ya shuka dawa da saukar ruwan farko, littafi yana yaba himmarsa. Hajara, wadda ubanta ke aikin gona a Gadambaliya, ta miƙe ta ce, "Ustaza, wannan wawa ne. Baba ya ce ruwan farko na ciyawa ne, sai ta fito an bi ta da diskin tarakta sannan a shuka." Muwajjih ya gyara rawani ya ce, "Ya ustaza, wannan ba ya cikin manhaja." Gwaggo ta ce, "Ya ustaz, ka taɓa shuka?" Ya ce bai taɓa ba. Ta ce, "To saurara, ana darasi."

Me za ta ce da ta leƙo ajina yau? Rabin yaran yaƙi ne ya koro iyayensu daga Khartoum da Madani, suna zaune har bakin ƙofa. Watan jiya na karanta musu labarin wasu iyali da suka dawo daga tafiya, suka buɗe gida, suka tarar da komai yadda suka bari. Na sa yatsa, na rufe. Wani yaro mai suna Usman, wanda tun zuwansa ban ji muryarsa ba, ya ce, "Ƙarya ne, ustaz. Ba a tarar da ƙofa a kulle." Aji ya rikice. Wannan ta ce nasu gidan yana nan, wancan ya ce ina ta sani. Aka yi kuka, aka yi gardama har lokacin fatur, wato hutun karin kumallo, ya wuce.

Mudir, shugaban makarantarmu, ya kira ni ofis. Ya ce jarrabawa ba ta tambayar ra'ayin Usman, in karanta labari har ƙarshe, in sa su haddace amsa, in ba haka ba akwai gurbin da zai tura ni a Mafaza, can nesa da gari. Na ce, "Ya mudir, yaron da aka tambaya me ya gani ya fi wanda aka faɗa wa abin da zai gani iya karatu." Ya ce ba shawara yake nema ba.

To ni ma ba izini nake nema ba. Wanda ya ce ɗan shekara bakwai ba shi da abin cewa game da labari, bai taɓa yin shiru ya jira shi ba. Washegari na sake rufe littafin, ranar da ta biyo baya ma haka. Usman yanzu sai an roƙe shi ya zauna.

Gwaggo ba ta bar gida ba, ba ta bar rubutu ba. Abin da ta bari shi ne mu, duk wanda ya taɓa zama a gabanta aka tambaye shi, kuma na rantse irin wannan tarbiyya ba ta kankaruwa daga zuciyar mutum har abada.

Takardar canjina zuwa Mafaza ta iso ranar Lahadi. Mudir ɗin da ya nemi a tura ni, benci ɗaya muka zauna da shi a ajinta.