Ciwon da Ba Ya Son Dirza

Mai Wanki abu ɗaya ta sani a duniya: duk abin da aka cuɗa sai ya fita. Tun tana budurwa take wanki da guga, har zanen yatsunta ya shafe. Saboda haka da gyambo ya ɓulla a ƙwaurin mijinta, direban bas mai ciwon suga, ba ta tsaya jimami ba. Ruwan ɗumi, gishiri, tsumma mai tsabta, safe da yamma. Yana cije haƙora tana dirza. Shekara ta zagayo ciwon bai rufe ba, bas ɗin kuma wani ke ja.

A asibiti likita bai yi kwana-kwana ba. Za a gwada wani abu, in bai karɓa ba, sai a yanke ƙafar daga gwiwa. Nas ɗin ɗakin wankin ciwo ta ɗauko wani farin falle mai kama da soso, ta ce sunansa kolajin, a kansa sabon nama zai kama ya tofo. Ta shimfiɗa cikin ramin ciwon, ta naɗe da bandeji.

"Mama, kada a buɗe sai kun dawo."

Ta ce to. A gida kuwa zama ya gagare ta. Ta gama kayan mutane, ta sauke labule ta wanke, ta leƙa ɗaki ta fito, ta sake leƙawa. Ciwo a rufe ba wanki? Washegari ta kwance bandejin. Farin abin ya ɓace, sai wani danƙo-danƙo kwance a wurin.

"Ka gani ko? Mugunya."

"Sarkin tsafta, an ce ki bari."

"Ƙafarsu ce?"

Ta kankare shi tas, ta mayar da bandejin. Da aka sa na biyu ma haka ta yi.

A komawa ta gaba nas ta auna faɗin ciwon, yana nan yadda yake. Ta dubi ramin, fes. Ta dubi naɗin.

"Baba, wa ya ɗaure wannan? Ni dai ban iya ɗauri mai kyau haka ba."

Direba ya ɗaga kai yana kallon silin. "Akwai injin wanki a gidanmu, 'yata. Ba ya jin birki."

Nas ba ta yi dariya ba. "Mama, abin da kike kankarewa shi ne maganin. Narkewa yake yi ya shiga nama. In kin ji wari, ko ƙafar ta kumbura ta ɗau zafi, ki kawo shi da gudu. In ba haka ba, ki kama hannunki. Likita ya kusa yanke shawara."

Mai Wanki ba ta ba da haƙuri ba, ba ta kuma yi alkawari ba. Suna isa gida ta haɗa masa kaya a jaka, ta kai shi gidan ƙanwarsa, wadda kwano ke kwana biyu a gabanta ba ta ɗauraye ba.

"A nan ba mai taɓa ka," ta ce.

Kullum sai ta kai wankakkun kaya ta miƙa daga bakin ƙofa, ta tambayi ko akwai wari, ta juya da sauri.

Ranar da likita ya duba, bakin ciwon ya ɗan tsuke, jan nama ya fara tasowa daga ƙasa. Ya ce a ajiye maganar yanka tukuna, a ci gaba.

A bakin titi Direba ya gyara riƙon sandarsa. "To, yau in dawo ɗakina?"

"Koma can sai ya rufe. Na ga danƙon nan ɗazu, har yanzu hannuna ƙaiƙayi yake."