Tsohon Sirdin Mai Keke

Matar tana tsaye a rumfar mai gyaran keke, doguwa, mayafinta ya koɗe, tana danna kowane sirdin fata da tafin hannu. Keken da ta turo na maza ne, sirdinsa siriri, ya lotsa daidai zaman wani.

"Baiwar Allah, wannan sirdin na kekenki ba naki ba ne," in ji mai gyara. "Fata jikin mai hawanta take bi. Ɗauki mai faɗi."

"Wata bakwai yana cin ƙashina," ta ce. "Na kasa cire shi."

Bai tambayi ina mai keken ba. Ya kwance tsohon zai jefa cikin tarkace, ta tare hannunsa. Ta karɓa, ga ta tana share shi da bakin mayafi, a hankali, kamar mai goge fuska.